Asid da Magnesiyam: Yadda Ake Fitar da Saurin Haɗuwarsu daga Yawan Iskar da Aka Tara

Tambaya: Malam, ina aji biyu na babbar sakandare. Mun zuba asid HCl cm³ 25, mai ƙarfin 0.2 mol/dm³, a kan zirin magnesiyam giram 0.15, muka tara iskar haidurojin da ke fita a sirinji, muna karantawa duk bayan sakan 20. Daga sakan 0 zuwa 180 mun samu cm³ 0, 21, 36, 46, 53, 57, 59, 60, 60, 60. Zafin ɗakin digiri 33 ne. Don neman saurin haɗuwar, ni na raba 60 da 180 na samu 0.33, abokina ya raba 60 da 140 ya samu 0.43, wata 'yar ajinmu kuma ta raba 21 da 20 ta samu 1.05. Wa ya yi daidai a cikinmu?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗana. Na ji daɗi da ka kawo lambobin yadda kuka karanta su, har da zafin ɗakin, domin da su zan yi maka bayanin duka.

Abokinka ya yi daidai idan abin da aka tambaya shi ne matsakaicin sauri daga farkon aikin zuwa ƙarshensa. 'Yar ajinku ma ta yi daidai idan matsakaicin sauri a sakan 20 na farko aka nema. Naka lissafin ne yake buƙatar gyara, kuma gyaran ba mai yawa ba ne. Duba lambobinka: tun a sakan 140 sirinji ya kai 60 ya tsaya cik. Sakan 40 da suka biyo baya zaman jira kawai kuka yi, babu abin da ke faruwa a kwalbar. Da za ku ci gaba da zama har sakan 600, sai ka raba 60 da 600 ka samu 0.1, alhali asid da ƙarfen ba su sauya komai ba. Lokacin da ake rabawa da shi yana ƙarewa ne a karatun farko da iska ta daina ƙaruwa.

Amma abin da nake so ya zauna maka ya wuce wannan gyaran. Wannan haɗuwar ba ta da sauri guda ɗaya. Direban da ya taso daga Kano zuwa Zariya, idan ka raba tsawon hanyar da awannin da ya yi, za ka samu lamba ɗaya. Allurar gudun da ke gabansa kuwa ta nuna lambobi barkatai a hanya. Duka biyun gudu ne, amma tambayoyinsu daban. Saboda haka duk wanda ya ce maka "saurin shi ne kaza", ka tambaye shi: a wane lokaci, ko tsakanin wane lokaci da wane?

Ka ɗauki lambobinku tsakani-tsakani, ka gani da idonka. A sakan 20 na farko an samu cm³ 21, wato 1.05 a kowane sakan. Daga 20 zuwa 40 iska ta tashi daga 21 zuwa 36. Ƙarin 15 ne, ka raba da 20, ka samu 0.75. Daga 40 zuwa 60 ƙarin 10 ne, sauri 0.50. Sai 0.35, sai 0.20, sai 0.10, sai 0.05, daga nan sifili. Ƙa'idar dai ɗaya ce a ko'ina:

sauri = (yawan iska na baya − yawan iska na farko) ÷ (lokaci na baya − lokaci na farko)

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai a nan yake. Sai a ce su nemo sauri tsakanin sakan 40 da 60, yaro ya ɗauko 46 ya raba da 60. Abin da ya fitar matsakaici ne daga sifili zuwa 60, ba shi aka tambaye shi ba. Bambanci ake rabawa da bambanci. Kuma kada ka bar lamba tsirara. Ka rubuta mata ma'auninta, cm³/s, domin 0.75 a sakan da 0.75 a minti tazararsu ninki 60 ce, kuma mai duba takarda ba zai yi maka zato ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi wuya, wadda za ka iya haɗuwa da ita a WAEC ko NECO, kuma za ka ci gaba da haɗuwa da ita a jami'a: mene ne saurin a daidai sakan 40? A nan ba a ba ka tsakani ba, lokaci guda tak aka ba ka. Sai an zana giraf. Lokaci a layin kwance, yawan iska a layin tsaye, ka ɗiga lambobin, sannan ka ja lanƙwasa guda mai santsi da hannunka, ta bi ta tsakiyarsu. Kada ka haɗa ɗigo da ɗigo da rula, domin iska ba tsalle-tsalle take yi ba wajen fita. Za ka ga layin ya tashi a tsaye da farko, yana tafiya yana kwantawa, har ya miƙe a kwance a kan 60. Yadda layin ya ɗaga a kowane wuri, abin da ake kira giradiyen, shi ne saurin a wannan lokacin.

Don auna shi a sakan 40, ka aza rula ta shafi lanƙwasar a wannan ɗigon kaɗai, ba tare da ta ratsa ta ba. Wannan miƙaƙƙen layin shi ne tanjent. Yadda nake koya wa ɗalibaina: a sa rula mai gani-har-hanji, a dafe ta a kan ɗigon da tsinin fensir, a riƙa juya ta a hankali har sai ratar da ke tsakaninta da lanƙwasar ta hagu ta yi daidai da ta dama. Sannan a ja layin ya yi tsawo sosai, har ya taɓa layin tsaye idan da hali. A lambobinku, tanjent mai kyau zai taɓa layin tsaye a wajen 11, kuma a sakan 80 zai kai wajen 61. Lissafin: (61 − 11) ÷ (80 − 0) = 0.625, wato kusan cm³ 0.63 a sakan. Ka lura cewa 11 da 61 ba sa cikin lambobin da kuka karanta. A kan tanjent ake ɗaukar su, ba a kan lanƙwasa ba, kuma mutane da yawa a nan suke zamewa. Dalilin tsawaita layin kuwa shi ne, idan ka yi kuskuren cm³ ɗaya a cikin 50, bai yi ɓarna ba. Idan a cikin 5 ka yi shi, amsar ta lalace.

Akwai hanyar duba kanka ba tare da zane ba. Ka ɗauki karatun da ke gaban ɗigon da wanda ke bayansa: (46 − 21) ÷ (60 − 20) = 0.625. Idan tanjent ɗinka ya ba ka abin da ya yi nisa da wannan, rularka ta karkace. Idan kai ka samu 0.60, abokinka ya samu 0.66, babu wanda ya faɗi. Zanen hannu ne, ba a tsammanin ya zo daidai har ɗigo.

Tanjent mafi daraja shi ne na sakan sifili. A lokacin ne kaɗai ka san ƙarfin asid da tabbaci, 0.2 ɗin da kuka zuba, ka san nauyin ƙarfen, ka san zafin ruwan. Bayan nan komai ya fara sauyawa. Shi ya sa idan za a gwada gwaji biyu, a ga tasirin zafi ko na ƙarfin asid, saurin farko ake gwadawa. A zanenku, layin da ya taso daga sifili yana shafar farkon lanƙwasar zai kai 60 a wajen sakan 50, wato kusan 1.2 a sakan. Ka ga 1.05 ɗin 'yar ajinku ya kusa, amma ya gaza, domin tun a cikin sakan 20 ɗin nan aikin ya fara sanyi.

Me ya sa yake sanyi? A nan sai mun koma ga lissafin mol, wato ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari, kuma ina so ka saba yin sa tun kafin ka taɓa kwalba.

Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂

Asid ɗinku: 0.2 × 25 ÷ 1000 = mol 0.005. Magnesiyam: 0.15 ÷ 24 = mol 0.00625. Kowane mol ɗaya na ƙarfen yana buƙatar mol biyu na asid, don haka asid ɗin nan mol 0.0025 kawai zai iya ci, wato giram 0.06. Saura giram 0.09 zai rage. Ina da yaƙinin da kuka gama kun ga guntun zirin kwance a gindin kwalbar, ya daina tsatsafo da kumfa. Asid ne ya ƙare. Tun da haka ne, raguwar ƙarfin asid ce ta rage saurin: ƙwayoyin H⁺ suna ƙaranci a cikin ruwan, waɗanda ke kai wa fuskar ƙarfen karo a kowane sakan suna raguwa. Da ƙarfen ne ya ƙare aka bar asid da yawa, da bayanin ya koma kan fuskar ƙarfen da ke ƙanƙancewa. Kada ka haddace amsa ɗaya ka riƙa liƙa wa kowace tambaya. Ka fara gano wanne ne zai riga ƙarewa.

Sirinjin ma yana faɗa maka yawan asid da ya rage a kowane lokaci. Iskar da ba ta fito ba tukuna ita ce asid ɗin da bai yi aiki ba tukuna. A sakan 40 an samu 36 cikin 60, saura 24, wato kashi 40 cikin ɗari. Ƙarfin asid a lokacin ya sauko zuwa 0.4 × 0.2 = 0.08 mol/dm³. Wani abu kuma da ya ja hankalina a lambobinku: asid ya koma kashi 40 cikin ɗari, amma saurin rabi kawai ya koma, daga 1.2 zuwa 0.63. Ina ganin zafi ne ya tallafa masa. Wannan haɗuwar tana fitar da kusan kilojul 460 ga kowane mol na magnesiyam. Naku mol 0.0025 ya ba da jul 1,150 ke nan, kuma da duk zafin ya tsaya a cikin ruwa cm³ 25, da ya ɗaga shi da kusan digiri 11. Kwalba da iska suna kwashe wani ɓangare, amma abin da ya rage ya isa ka ji ɗumi idan ka taɓa gindin kwalbar, ya kuma isa ya ƙara wa aikin sauri. Mai son sakamako mai tsafta yana tsoma kwalbar cikin babban kwano na ruwa don zafin ya tsaya wuri ɗaya.

Sai mayar da cm³ zuwa mol. Abin da ya ba mu damar yin haka tunanin Amedeo Avogadro ne, ɗan Italiya, wanda a 1811 ya ce iskoki masu girma ɗaya, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne. Littafinka ya ba ka dm³ 22.4 ga kowane mol, amma wannan a digiri sifili ne da matsin mmHg 760. Wasu littattafan suna ba da dm³ 24, wanda ya dace da ɗaki mai kusan digiri 20. Ɗakinku digiri 33 ne, wato kelbin 306, kuma iska tana buɗewa da zafi: 22.4 × 306 ÷ 273 = dm³ 25.1, wato cm³ 25,100. A jarrabawa ka yi aiki da lambar da aka ba ka a takarda. A gwajin da ka yi da hannunka kuwa, zafin ɗakinka ne gaskiya.

Saurin sakan 40 ke nan: 0.625 ÷ 25,100 = mol 2.5 × 10⁻⁵ na haidurojin a sakan. Magnesiyam ma haka yake narkewa, domin ɗaya da ɗaya suke a lissafin. Ka ninka da 24 ka samu giram 6 × 10⁻⁴ a sakan. Asid kuwa ninki biyu yake ƙarewa, mol 5.0 × 10⁻⁵ a sakan. Idan an nemi amsar a mol/dm³ a sakan, sai ka raba da yawan ruwan da ke kwalbar, dm³ 0.025, ka samu 2.0 × 10⁻³. Da yawan ruwan asid ake rabawa, ba da yawan iska ba. Wannan "biyu" ɗin kada ta kuɓuce maka, kuma tana nan a wasu gwaje-gwajen. Idan aka sa MnO₂ a cikin H₂O₂ don ya hanzarta fitar oksijin, lissafin 2H₂O₂ → 2H₂O + O₂ ne, don haka saurin ƙarewar H₂O₂ ninki biyu ne na saurin fitar oksijin.

Yanzu zan nuna maka wani abu da wataƙila ba ku lura da shi ba. Mol 0.0025 sau 24,000 ya ba da 60 cif, kuma ku 60 kuka samu, sai a ɗauka gwajin ya tafi babu tangarɗa. Amma a digiri 33, abin da ya kamata ya fito 0.0025 × 25,100 ne, kusan 63. Idan garinku yana kan tudu, lambar ta fi haka, domin matsin iska yana raguwa da tsawo. A Jos, da ke sama da mita 1,200, matsin bai wuce wajen mmHg 660 ba, iskar nan kuma sai ta haura cm³ 70. Ke nan kusan cm³ 3 ko fiye sun ɓace muku, kuma na san inda suka fi bi. Ɗaya ya jefa zirin, kumfa ta taso nan take, ɗaya yana laluben murfin roba, na ukun yana neman inda zai danna agogo a waya. Sakan biyu ko uku ne kawai, amma su ne sakannin da iska ta fi fita da ƙarfi: 1.2 sau uku ya haura cm³ 3. Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar tana faɗawa a kan saurin farko, wanda shi ne mafi amfani.

Maganinsa mai sauƙi ne. Ka sa zirin a cikin ƙaramin bututun gilashi, ka jingina shi a tsaye cikin kwalbar yadda asid ba zai shiga ba, ka toshe kwalbar da kyau, ka tabbatar sirinji yana kan sifili. Sannan ka karkata kwalbar bututun ya faɗi, a danna agogo a daidai lokacin. Kafin nan ka goge zirin da samfefa har ya yi ƙyalli, domin dusu-dusun da ke kansa oksaid ne. Idan ba a cire shi ba, asid sai ya cinye shi kafin ya kai ga ƙarfen, giraf ɗinka ya fara a kwance sannan ya tashi. Sirinjin ya kasance a kwance kuma a bushe, domin idan ya jiƙe sandarsa tana maƙalewa ta kuma zabura, lambobin su fito hawa-hawa. Idan ta mazurari kuka zuba asid cikin rufaffiyar kwalba, ka tuna cm³ 25 na ruwa yana tura cm³ 25 na iskar kwalbar zuwa sirinji, dole a cire shi. Kuma a nisanta wuta, haidurojin tana kamawa.

Makarantu da yawa ba su da sirinjin gas, sai a kifa silindar awo cike da ruwa a cikin kwano, a tara iskar a ciki. Ga haidurojin da oksijin wannan ya wadatar, domin kaɗan suke narkewa a ruwa, sai dai tururin ruwa yana cakuɗa da su. A digiri 33 tururin yana da matsin kusan mmHg 38, wato kashi 5 cikin ɗari na abin da ka karanta ba iskarka ba ce, a cire shi kafin lissafin mol. Ga CO₂ kuwa, kamar idan an zuba HCl a kan farar ƙasa ko gutsattsarin marmara, ba na son hanyar ko kaɗan, domin ruwa mai sanyi yana iya shanye CO₂ da ya kusa kai girmansa. Kumfar farko duk a ruwa take tafiya. Gara a ɗora kwalbar a kan sikeli, a toshe bakinta da auduga, a riƙa karanta raguwar nauyi: mol 0.0025 na CO₂ giram 0.11 ne, sikeli zai gani. Irin wannan adadin na haidurojin giram 0.005 ne kacal, shi ya sa a gwajinku ba a bi ta sikeli ba. Kuma a gwajin marmara kada a sa H₂SO₄, domin CaSO₄ da ke samuwa yana lulluɓe dutsen, iska ta tsaya alhali ba abin da ya ƙare.

Akwai tambayar da ke biyo bayan wannan kusan kullum: a ce ka zana yadda layin zai kasance idan an sauya abu ɗaya. Ka raba ta gida biyu a ranka. Yadda layin ya ɗaga da farko maganar sauri ce. Inda ya kwanta a ƙarshe maganar mol ce ta abin da ya riga ƙarewa. Idan aka sa garin magnesiyam a madadin ziri, layin zai tashi da sauri ya kwanta a kan 60 ɗin dai. Ka san wannan daga gida: jefa dunƙulen kanwa a ruwan tsamiya, ka kuma zuba dakakkiya a wani kofin, ka ga wacce za ta riga tashi da kumfa. Idan aka ɗumama asid ma haka ne, sauri ya ƙaru, mol bai ƙaru ba. Amma idan kuka ninka ƙarfin asid zuwa 0.4 kuka bar shi cm³ 25, abu biyu za su sauya tare: saurin farko zai ƙaru, iskar ma ta ninka, domin mol 0.01 na asid yana buƙatar giram 0.12 na ƙarfen, ku kuma kuna da 0.15. Iskar za ta kai wajen cm³ 125. Sirinjin da aka fi samu a makarantu na cm³ 100 ne, sandarsa za ta fice ta faɗi ƙasa, ga shi na gilashi ne. Idan malaminku ya ba ku damar maimaitawa da asid mai ƙarfin 0.4, ku auna cm³ 12.5 kawai, mol ɗin ya tsaya a 0.005, ku naɗe zirin ya nutse gaba ɗaya a cikin ruwan, sannan ku zana layukan biyu a takarda ɗaya ku gwada tanjent ɗinsu na sakan sifili. Idan kun yi, ka turo mini lambobin tare da zafin ɗakin na ranar.